Yadda Ake Haɗa Akwatin Kallo da Na'urar Ɗaukar Shirye-shirye

1. Soka akwatin kallo (irin su Fire TV Stick, mai kawo shirye-shirye ta intanet) a ramin HDMI na na'urar ɗauka, ita kuma ka haɗa ta da talabijin.

2. Wuta ce babbar magana. Kada ka jawo ta daga ramin USB na bayan talabijin. Yawancinsu rabin amfiya (ma'aunin wutar lantarki) suke bayarwa, alhali Fire TV Stick na bukatar amfiya 1. In wutar ta yi kaɗan, sai akwatin ya riƙa mutuwa yana tashi ana tsaka da ɗaukar ƙwallo. Kuma a yawancin talabijin, da zarar ka kashe shi, akwatin ma ya ɗauke. Sa cajar da ta zo cikin kwalinsa a soket ɗin bango.

3. Haɗa intanet, kebul ɗin intanet ya fi Wi-Fi tsayawa.

4. Bayan awa ɗaya, taɓa bayan akwatin. In ya yi zafi, matsar da shi inda iska ke shiga.