Yadda Ɗalibi Zai Fara Karatun Falsafar Indiya ta Dauri

Duk wanda ya taɓa zama a zauren malami a cikin birnin Zazzau, ya ga yadda ake biya Ahalari ko Risala layi bayan layi, malam yana fassarawa yana kawo abin da mai sharhi ya faɗa, to, hanyar karatun falsafar Indiya ba za ta zame masa baƙuwa ba. Littattafan asali na mazhabobinsu, waɗanda ake kira sutra, matani ne gajeru da aka tsara da harshen Sanskrit domin hadda, har wani layin bai wuce kalma uku ko huɗu ba. Kowane matani yana da sharhi, sharhin kuma yana da hashiya. Saboda haka kada ɗalibi ya ɗauki matani tsurarsa ya ce zai fahimta. Ya nemi fassarar da ta zo tare da tsohon sharhinta.

Kafin a buɗe kowane littafi, yana da kyau a ɗauki takarda guda a rubuta sunayen mazhabobin. Guda 6 sun yarda da littattafan Veda, wato tsofaffin littattafan addinin Hindu, a matsayin hujja, kuma an saba jera su biyu-biyu: Nyaya da Vaisheshika, Samkhya da Yoga, sai Mimamsa da Vedanta. Mabiya Buddha, da mabiya Jaina, da 'yan Charvaka kuwa ba su yarda da Veda ba. A nan ne mai karatu daga ƙasarmu yakan yi tuntuɓe, domin yakan zaci rabon tsakanin masu imani da Mahalicci ne da marasa imani. Ba haka ba ne. Tsohuwar Samkhya da Mimamsa suna cikin shidan, amma ba su gina koyarwarsu a kan samuwar mahalicci ba.

A ganina, daga Nyaya ya kamata a fara, ko da yake Yoga da Vedanta sun fi ta suna. Dalili shi ne, kusan kowace muhawara a tsakaninsu tana komawa ga tambaya ɗaya: ta wace hanya mutum yake samun sani tabbatacce? Wannan hanya ita suke kira pramana. Charvaka ta ce abin da gaɓoɓi suka riska kaɗai ne abin dogaro. Vaisheshika ta ƙara istidlali, wato kafa hujja da alama. Samkhya ta ƙara shaidar amintacce, suka zama 3. Nyaya ta ƙara kwatanci, suka zama 4. Reshen Advaita na Vedanta ya kai su 6. Wanda ya riƙe wannan lissafi zai gane abin da ake jayayya a kai ko da ya buɗe littafi a tsakiya.

Hujjar Nyaya tana da gaɓa 5, kuma misalinta na gado hayaƙi ne a kan dutse. Ɗalibi ya gwada ta da dutsen Kufena, ya faɗe ta da babbar murya: akwai wuta a kan dutsen, saboda akwai hayaƙi, duk inda hayaƙi yake akwai wuta, kamar a madafa, dutsen nan ma yana da irin wannan hayaƙi, saboda haka akwai wuta a kansa. Sai kuma ya juya ta, ya ce duk inda wuta take akwai hayaƙi, ya ga ko za ta tsaya. Ba za ta tsaya ba, domin ƙarfen da ya yi jajir a maƙera yana ɗauke da wuta babu hayaƙi, kuma ɗanyen itace ne yake kawo hayaƙin. Da wannan misali na ƙarfe malamansu suka nuna bambancin alaƙar da ba ta saɓawa da wadda take rataye a kan sharaɗi. Wanda ya karanta manɗiƙi a zaure zai lura cewa a nan misali yana cikin jikin hujjar.

Wani abin lura shi ne, marubucin Indiya yakan fara da ra'ayin abokin hamayya, ya shimfiɗa shi da ƙarfinsa, wani lokaci shafi da shafuka, kafin ya warware shi. Sashen farkon sunansa purvapaksha, kuma ya yi kama da “idan ka ce… sai mu ce” na littattafanmu. A riƙa sa alama da fensir a gefen shafi, in ba haka ba sai a jingina wa malami maganar da ya zo rushewa.

Vedanta a bar ta sai ƙarshe, domin manyan malamanta, Shankara, da Ramanuja, da Madhva, duk matani ɗaya suka yi wa sharhi, wato Brahma Sutra, amma na farko ya ce rai da Brahman, wato haƙiƙar da suke ɗauka ita ce tushen komai, abu ɗaya ne, na ƙarshe ya ce har abada daban suke. Mai Larabci yana da wata ƙofa ta kusa: Albiruni ya kammala littafinsa a kan Indiya wajen shekarar 1030, ya kuma fassara littafin Patanjali na Yoga zuwa Larabci. Tarihin falsafar Indiya da masanin nan Dasgupta ya rubuta da Turanci, mai juzu'i 5, wanda na farkonsa ya fito a 1922, ya yi wa mafari nauyi. Idan an je ɗakin karatu na Kashim Ibrahim a Samaru, a fara tambayar ƙaramin littafin gabatarwa mai juzu'i ɗaya, a buɗe babin Nyaya.