Yadda Ake Ba Manhaja Damar Sarrafa Na'ura Kai Tsaye Ba Tare da Ikon Root ba

Kafin a taɓa kowane izini a Linux, akwai tambayar da ya kamata a fara amsawa: shin na'urar tana iya rubutu a cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta da kanta, ba tare da ta bi ta kanel, wato zuciyar tsarin Linux mai kula da na'urori, ba? Amsar ce ke raba aikin gida biyu.

Na'urorin USB ba su da wannan iko, domin duk abin da suka aika sai ya ratsa ta kanel, saboda haka matsalarsu ta izinin fayil ce a cikin /dev. A nan ne mutane da yawa ke gaggawar buga chmod 666, wanda ke buɗe ƙofa ga kowa, kuma izinin ya ɓace da zarar an zare na'urar an mayar. Abin da ya dace shi ne a duba lambobin na'urar da lsusb, sannan a rubuta doka a /etc/udev/rules.d mai ambaton idVendor da idProduct tare da TAG+="uaccess". Da haka systemd-logind, manhajar da ke kula da shigar masu amfani, zai ba wanda ke zaune gaban kwamfutar izini, ya janye shi idan ya fita. Lambar da ke farkon sunan fayil ɗin ta kasance ƙasa da 73, kamar 70, in ba haka ba dokar za ta makara. Saka mutum cikin rukunin dialout don tashoshin siriyal ba laifi ba ne, amma rukunin disk daidai yake da miƙa masa root, wato cikakken iko a kan kwamfutar, rukunin input kuwa yana ba kowace manhajarsa damar karanta duk abin da ake bugawa a madannai.

Katin PCI lamarinsa daban ne, domin yana amfani da DMA, wato karatu da rubutu a ƙwaƙwalwa kai tsaye. Manhajar da ta mallaki rajistocinsa tana iya umartarsa ya karanta ko ya rubuta a ko'ina cikin ƙwaƙwalwa, har da sashen kanel, kuma babu izinin fayil da zai tare shi. Tsarin UIO na miƙa na'ura ga manhaja, wanda ya shigo Linux 2.6.23 a 2007, bai magance wannan ba. Maganin ya zo da wani tsarin, VFIO, a Linux 3.6 a 2012, wanda ke dogara da IOMMU, sashen injin da ke iyakance inda na'ura za ta taɓa a ƙwaƙwalwa, wato VT-d na Intel ko AMD-Vi, don killace katin a cikin shafukan ƙwaƙwalwa da manhajar ta ware masa kaɗai.

Za a fara kunna IOMMU a BIOS, a ƙara intel_iommu=on a layin tayar da kanel idan injin Intel ne, sannan a leƙa /sys/kernel/iommu_groups, inda aka jera na'urorin rukuni-rukuni. Wannan mataki ne ya fi buƙatar natsuwa, domin rukuni ake bayarwa ɗungurungum, ba na'ura guda ba. Idan katin yana rukuni ɗaya da mai sarrafa faifan da tsarin ke kansa, gara a sauya masa rami a allon kwamfutar da a nemi dabarar raba rukunin da ƙarfi, wadda ke ɓoye haɗarin ba tare da ta kawar da shi ba. Bayan haka a cire katin daga direbansa, wato manhajar kanel da ke sarrafa shi, a ɗaura shi ga vfio-pci ta driver_override, a mallaka wa mai amfani fayil ɗin rukunin a /dev/vfio, a kuma ɗaga masa iyakar memlock, wato yawan ƙwaƙwalwar da zai iya kullewa, a /etc/security/limits.conf, tunda shafukan DMA kulle su ake yi.

VFIO yana da yanayin aiki ba IOMMU, mai suna enable_unsafe_noiommu_mode, wanda ke neman ikon CAP_SYS_RAWIO kuma yake sa kanel ya yi wa kansa alamar gurɓata. Injin da ba shi da IOMMU, a bar katinsa a hannun direban kanel.