Yadda Sabon Shiga Zai Fara Wasan Katin Bulokcen Ba Tare da Ya Yi Asara Ba

Wasan kati irin wanda ake tarawa ana musaya ya girmi fasahar bulokcen da shekaru masu yawa. A 1993 ne kamfanin Wizards of the Coast ya fitar da Magic: The Gathering, wanda Richard Garfield ya ƙirƙira, kuma duk wanda ya sayi katin takarda a lokacin ya san cewa nasa ne, yana iya sayarwa ko ya ba da kyauta. Da irin wannan wasa ya koma kan kwamfuta, kamar Hearthstone da Blizzard ya fitar a 2014, sai katin ya zama abin da ke maƙale a asusun ɗan wasa, ba ya fita ba ya sauya hannu. Wasannin da aka gina a kan bulokcen sun zo ne domin su maido da wannan mallaka: ana rubuta kowane kati a bulokcen, wato wani kundi da dubban kwamfutoci ke riƙe da kwafinsa, don haka kamfani ba zai iya goge sunanka daga kansa ba, kuma kana da damar kai shi kasuwa a duk lokacin da ka so.

Kafin ka taɓa komai, ya kamata ka fahimci iyakar wannan mallaka. Abin da ke hannunka shi ne shaidar katin, wato NFT, amma dokokin wasan, da ƙarfin da aka ba katin, da kwamfutocin da ake buga wasan a kansu, duk suna hannun kamfani. Kamfani yana iya rage wa kati ƙarfi idan ya ga ya fi ƙarfin sauran, kuma darajarsa a kasuwa za ta faɗi nan take. Idan kuwa 'yan wasa suka watse, shaidar za ta ci gaba da zama a kundi, sai dai babu mai neman saye. Saboda haka nake ganin tsarin da ya dace shi ne mutum ya fara koyon wasan, sannan ya tsare mabuɗinsa, wato sirrin da ke buɗe inda katunansa ke ajiye, kuɗi kuma su zo a ƙarshe. Yawancin waɗanda suka yi kuka sun juya wannan tsari ne.

Wajen zaɓen wasa, wasannin ba iri ɗaya ba ne. Gods Unchained, wanda kamfanin Immutable na Ostireliya ya samar, ana buga shi ne bi da bi: kai da abokin karawarka kowa yana jan kati, yana ajiyewa, yana kai hari, kuma kowane mataki kai ke yanke shawararsa. Splinterlands, wanda ya fara a 2018 da sunan Steem Monsters kafin ya koma bulokcen ɗin Hive a 2020, ya bambanta, domin aikinka shi ne ka jera runduna cikin ɗan ƙanƙanin lokaci bisa dokokin da aka gindaya wa wannan karawar, daga nan kwamfuta ce ke gudanar da faɗan kai kana kallo. Akwai kuma Sorare na Faransa, inda katunan na 'yan wasan ƙwallo ne na zahiri, makinka kuma ya dogara da abin da suka yi a fili. Duk wanda za ka ɗauka, ka duba tsawon lokacin da ake jira kafin a samu abokin karawa, ka duba ko ana ciniki a kasuwarsa a kowace rana, ka kuma tambayi kanka ko za ka ci gaba da buga shi idan aka cire lada gaba ɗaya. Wannan tambaya ta ƙarshe ta fi sauran nauyi.

Makonnin farko na koyo ne, kuma ba sa buƙatar ka kashe komai. Gods Unchained yana ba sabon ɗan wasa katunan farawa kyauta. Splinterlands ma yana barin mutum ya gwada da katunan da ba nasa ba, sai lokacin da yake son samun lada da cikakken iko da asusunsa ne zai sayi abin da suke kira Spellbook, wanda aka daɗe ana sayarwa a kan dala 10. Ka kammala darussan koyarwa duka ko da sun yi maka kama da na yara, domin a cikinsu ake bayyana kalmomin da ke rubuce a jikin katuna, kuma wanda bai san ma'anarsu ba zai riƙa shan kashi ba tare da ya gane dalili ba. Bayan kowace karawa da aka ci ka, ka tsaya ka nemo matakin da wasan ya kufce maka. Sau da yawa za ka tarar ba rashin kati mai tsada ne ya kayar da kai ba, ka yi gaggawar kashe makamashinka ne, ko ka ajiye kati a gurbin da bai dace ba.

Batun makamashi, wanda wasannin ke kira mana, shi ne ginshiƙin haɗa tarin kati. Kowane kati yana da adadin makamashin da yake ci. A Gods Unchained tarin kati 30 ake shiga fili da shi, an yarda da kwafi biyu na kowane kati in ban da na ajin ƙoli da ba a wuce ɗaya, kuma makamashi yana ƙaruwa ne a hankali yayin da karawa ke tafiya. Sabon shiga yakan cika tarinsa da manyan katuna masu ban sha'awa, sai a cinye shi tun kafin ya samu makamashin fito da ko ɗaya daga cikinsu. Abin da ya fi shi ne a samu katuna masu arha da yawa don buɗe wasa, matsakaita don riƙe fili, sannan 'yan ƙalilan masu nauyi don rufewa. A Splinterlands kuwa ana sanya wa kowace karawa iyakar makamashi, ka zaɓi jagora ɗaya da mayaƙa da ba su wuce shida ba, kuma jerin da ka yi musu yana da matuƙar tasiri, tunda na gaba ne ke fara ɗaukar mafi yawan duka. Shawarata ita ce ka tsaya a kan salo ɗaya ko biyu har ka san su ciki da waje, maimakon ka riƙa tsalle daga wannan zuwa wancan.

Yanzu sai batun da ya fi kowanne haɗari, wato lalitar da katunan ke zama a ciki. Idan ka buɗe lalita irin MetaMask, za a nuna maka kalmomi 12 a jere, wasu lalitocin kuma 24 suke bayarwa. Waɗannan kalmomi su ne dukiyar gaba ɗaya, domin duk wanda ya same su yana iya buɗe lalitarka a kowace na'ura ya kwashe abin da ke ciki, kuma babu ofishin da zai maido maka, tunda abin da aka rubuta a bulokcen ba ya juyawa. Ka rubuta su da hannu a takarda, bisa jerin da suka zo, ka yi kwafi biyu ka ajiye a wurare daban. Kada ka ɗauki hotonsu da waya, kada ka tura wa kanka ta imel, kada ka ajiye su a ma'ajiyar intanet. A Hive, inda Splinterlands yake, tsarin ya ɗan bambanta, domin asusu yana zuwa da mabuɗai da dama, kowanne da aikinsa: wanda ake kira posting ya isa harkokin wasa na yau da kullum, active na motsa dukiya ne, owner kuma shi ne uban sauran, wanda bai kamata ya fito daga ma'ajiya ba sai an shiga matsala. Manhajar Hive Keychain tana taimakawa wajen sa hannu ba tare da ka riƙa liƙa mabuɗi a shafuka ba.

Masu damfara sun san sabon shiga daga irin tambayoyin da yake yi. Da zarar ka nemi taimako a Discord ko Telegram, wani zai biyo ka ta saƙon sirri da suna da hoton ma'aikacin kamfani, ya ce ka shigar da kalmominka a wani shafi domin a gyara maka matsalar. Babu ma'aikacin gaskiya da zai taɓa neman su. Wata hanyar kuma ta fi wannan wayo, ita ce a yi maka alkawarin kyautar kati, ka haɗa lalitarka da shafin bogi, ka danna amincewa, alhali abin da ka amince da shi izini ne na kwashe dukkan katunanka. Ka karanta abin da lalita ke tambayarka kafin ka sa hannu, ka shiga shafin wasan ta adireshin da ka adana da kanka ba ta tallan da ke saman sakamakon bincike ba, kuma ka ware lalita guda don wasa kawai, wadda ba ta ɗauke da sauran ajiyarka. Ko da ka yi duk wannan, akwai haɗarin da ba daga gare ka yake ba: a watan Maris na 2022 an kutsa gadar Ronin ta wasan Axie Infinity, wato hanyar da ke tsallakar da kadarori daga wani bulokcen zuwa wani, aka sace kadarorin da suka haura dala miliyan 600. Wannan ya isa dalilin da zai hana mutum tara abin da ba zai iya jure rasawa ba a cikin wasa ɗaya.

Idan lokacin saye ya yi, ka guji fara da rufaffen fakiti, domin cinikin biri a sama ne, ba ka san abin da ke ciki ba sai ka biya, kuma katuna masu daraja kaɗan ne a cikin tarin da aka buga. Wanda ya yi makonni yana wasa ya riga ya san katuna uku ko huɗu da tarinsa ke buƙata, sai ya je kasuwa ya saye su ɗaya bayan ɗaya. Ka duba farashin da aka sayar da katin a kwanakin baya, kada ka tsaya a kan wanda masu sayarwa suka rubuta, ka kuma duba yawan kwafin da ke yawo da ko har yanzu ana buga sababbi. Splinterlands yana da tsarin haya, inda za ka karɓi kati na 'yan kwanaki da kuɗi kaɗan, kuma ban san hanyar gwaji da ta fi wannan sauƙi ba kafin mutum ya ɗaure kuɗinsa. Ka tuna cewa a wannan wasa haɗa kwafi da yawa don ɗaga matakin kati yana cinye su har abada, ba a sake raba su.

Akwai kuɗin aikawa da ake kira gas. A kan bulokcen ɗin Ethereum yana hawa idan hanya ta cunkushe, kamar yadda aka gani a ƙarshen 2017 lokacin da wasan CryptoKitties ya toshe ta, shi ya sa wasanni da dama suka koma hanyoyi masu sauƙi irin Immutable X. Kafin ka tura kuɗi, ka tabbatar hanyar da ka zaɓa ita ce wadda wasan ke amfani da ita, ka kwatanta farkon adireshin da ƙarshensa, sannan ka fara tura ɗan kaɗan ka ga ya isa.

Game da ladan da ake samu, kamar sulallan intanet na DEC da SPS a Splinterlands ko na GODS a Gods Unchained, ka ɗauke shi a matsayin ƙari, kada ka gina lissafin rayuwarka a kansa, balle ka ci bashi dominsa. A 2021 mutane da yawa, musamman a Filifin, sun dogara da sulallan SLP na Axie Infinity, amma da aka ci gaba da fitar da su fiye da yadda ake buƙata, sababbin 'yan wasa kuma suka ragu, darajarsu ta zube da fiye da kashi 90 cikin ɗari. Ka buɗe ɗan littafi ka riƙa rubuta ranar da ka sayi kowane kati, da abin da ka biya, da kuɗin aikawa, domin wasu ƙasashe suna karɓar haraji a kan ribar irin wannan ciniki. Sannan tun kafin tarinka ya yi nauyi, ka ɗauki kati ɗaya mai arha ka sayar, ka bi kuɗin har su fita daga wasan su shiga lalitarka, domin ka san tsawon lokacin da fitar take ɗauka da adadin da ake yankewa a kowane mataki.