Kumburin gado: kurakuran da ke sa baƙar fata daɗewa ba a gano cutarsu ba

Mutum ya kwanta lafiya lau, ya wayi gari leɓensa ya kumbura suntum, ko hannu ɗaya ya cika har yatsu ba sa lanƙwasuwa. Babu ƙaiƙayi, babu borin jini. Bayan kwana 2 zuwa 5 kumburin ya sace da kansa, sai kuma wani jiƙon. Wannan shi ne kumburin gado, cutar da ke kama kusan mutum 1 cikin 50,000. Asalinta ƙarancin wani sinadarin jini ne mai suna C1-inhibita, ko kuma yana nan amma ba ya aiki. Idan ya gaza, sai sinadarin biradikinin ya yi yawa, jijiyoyin jini su riƙa tsiyayar da ruwa ƙarƙashin fata, ko a hanji, ko a maƙogwaro.

Uwar kurakuran ita ce ɗauka cewa cutar Turawa ce. Wani likita mai suna William Osler ya bayyana yadda take bin dangi a 1888, masu bincike Donaldson da Evans suka gano sinadarin da ke gazawa a 1963, kuma tun daga nan yawancin binciken a Turai da Amurka aka yi shi. Amma cutar ba ta zaɓen launi. An same ta a kowace nahiya, har a dangin Zulu a Afirka ta Kudu. A gwajin da ya kai ga amincewa da maganin wannan cutar mai suna lanadelumab a Amurka a 2018, mutum 125 aka sa, kusan 9 cikin 10 farar fata ne. Wannan abin yana damuna, domin likitan da bai taɓa karanta labarin baƙin mutum mai cutar ba, da wuya ta zo masa a rai in ya gan shi. Gyaran yana wuyan masu bincike: su kai gwaji asibitocin da baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka ke zuwa, su fassara takardun yarda, su ɗauki nauyin kuɗin mota.

Wurin da aka fi tuntuɓe shi ne maganin hawan jini. Magunguna irin su lisinopril da enalapril da captopril suna kumbura leɓe da harshe, kuma gaskiya ne sun fi yi wa baƙar fata haka. To sai wannan gaskiyar ta zama labule. Baƙin mutum ya shigo ɗakin gaggawa fuska a kumbure, a tambaye shi ko yana shan lisinopril, ya ce e, a ce ya daina, a sallame shi. Dainawar daidai ce, tsayawa a nan ne kuskuren. Da an ƙara tambaya biyu da an kamo bakin zaren: “Ka taɓa yin wannan kumburin kafin ka fara maganin? Akwai mai yi a danginku?” Yawanci cutar takan fara ne tun ƙuruciya ko lokacin balaga, kuma kowane ɗa na mai cutar, rabi da rabi ne ya gada ko bai gada ba. Sai dai a kula, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu ita a kansu ta fara, don haka rashin mai ita a gida ba ya kore ta. Awon wani sinadari mai suna C4 da na C1-inhibita a jini su ke raba gardama.

Akwai kuma neman ja a fatar da ba ta nuna ja. Wasu kafin kumburi ya taso sukan yi zane mai zobe-zobe a jiki, wanda hotunan littattafan likitanci kan nuna shi jajir a farar fata. A baƙar fata yakan fito ne da ɗan duhu, ko ya ɓuya gaba ɗaya. A duba a haske mai kyau, kuma a saurari mara lafiya in ya ce yana jin alamar tasowarsa.

Sai ɗirka wa mutum Piriton da allurar alaji. Ba sa yi wa wannan kumburin komai, haka allurar adiranalin, domin ba alaji ba ne. Abin da ke aiki shi ne allurar icatibant, ko kuma C1-inhibita da ake sawa ta jijiya, inda babu su kuwa akan ƙara wa mutum daskararren ruwan jini da aka narkar. Mace mai cutar ta guji maganin tsarin iyali mai sinadarin istirojin, yana tayar da ita.

Ciwon cikinta ma yana ruɗarwa. Hanji ya kumbura, mutum yana murƙususu da amai, a ce afendis ne a yi masa tiyata a banza, ko a zarge shi da neman allurar kashe zafi, zargin da baƙaƙe a Amurka suka sha fama da shi. Mai cutar ya riƙa ɗaukar hoton kumburinsa a waya, ya rubuta ranar da ya fara da ranar da ya sace, ya yi yawo da takardar likitansa a aljihu. Idan kuwa murya ta fara sauyawa ko haɗiyar yawu ta yi wuya, kada a jira gari ya waye, a nufi asibiti nan take, domin kumburin maƙogwaro yana toshe numfashi cikin 'yan sa'o'i.