Yadda Ake Adana Shatin Hannun Yaro a Kwaɓin Gishiri

Hannun yaro ba ya jiran kowa, yau ɗan mitsitsi, gobe ya cika tafinki.

1. Ki haɗa fulawa kofi 2 da gishiri mai laushi kofi 1. Ki riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan, kamar kofi 1, kina kwaɓawa. In yana manne wa yatsu, ƙara fulawa.

2. Ki murza na minti 10 har ya yi sumul. Ki gutsura wa yaron nasa, amma idonki a kansa: gishirin ya yi yawa, kada ya kai baki.

3. Ki baje shi, kaurin yatsa ɗaya.

4. Ki ɗora hannun, ki danna yatsu ɗaya bayan ɗaya, sannan tafin, ki ɗaga a miƙe. Jariri yakan dunƙule hannu, shi ya sa na fi son lokacin da ya ƙoshi, barci ya fara ɗibarsa. In shatin ya ɓaci, ki sake murzawa.

5. Ki huda ƙofar zaren ratayewa a sama, ki rubuta shekara da tsinke.

6. Ki gasa a obin, zafi digiri 120 na Salshiyas, kamar awa 3. Wuta mai ƙarfi tana kumbura shi.

7. Sai ya huce sarai kafin a shafa fenti.