Darasi na 9: Idan Birki Ya Yi Laushi

Sannunku da ƙoƙari, 'yan uwa. Duk wanda ya iso wannan shafi ya iya karanta lambar da ke jikin gwangwani, to yau za mu sa hannu a mota. A bi a hankali, ba tsere muke yi ba.

Birki mai laushi shi ne wanda za ka taka, ƙafarka ta nutse kamar ka taka katifa, mota kuma ta ƙi tsayawa sai ka buga sau biyu ko uku. Yawanci iska ce ta shiga bututun da man birki ke bi. Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa, sai ƙarfin ƙafarka ya ƙare a kanta bai kai taya ba. Iyakar bayanin ke nan, sauran aiki ne.

Fara da duba mai

Kashe mota a wuri mai shimfiɗe, ka buɗe bonet. A gefen direba, can baya kusa da gilashi, akwai ɗan farin tulu na roba, shi ne na man birki. A jikinsa an rubuta MAX a sama, MIN a ƙasa. Mai ya tsaya tsakaninsu. A kan murfin za ka ga DOT 3 ko DOT 4, wato irin man birkin da motar ke sha. Kwafi wannan a takarda ka tafi da ita shago, ai amfanin karatun ke nan. Kada ka karɓi DOT 5, irinsa dabam ne, ba ya gauraya da waɗancan. Baƙin mai kuwa ko ɗigo kada ya shiga, kumbura robobin birki yake yi. Ka sayi sabuwar kwalba a rufe, don man birki yana zuƙar danshi idan an bar shi a buɗe. In ya zuba a jikin mota ka wanke da ruwa nan take, yana cin fenti.

Sai ka leƙa bayan kowace taya. In ka ga wuri ya jiƙe da mai, ko tiyon roba ya tsage, dakata nan. A gyara yoyon tukuna.

Fitar da iska

Mutum biyu ke wannan aiki, ɗaya a kujerar direba, ɗaya a gindin taya. A tanadi sifana, yawanci lamba 8 ko 10, da siririn tiyo wanda ake ganin cikinsa, da kwalba mai ɗan man birki a ciki. In ka ɗaga mota da jak, ka tokare ta da wani abu mai ƙarfi. Jak kaɗai ba abin amincewa ba ne.

A bayan kowace taya akwai ɗan noti mai rami a kansa. Sa bakin tiyo a kansa, ɗaya bakin ya nutse cikin man da ke kwalba. A yawancin motocinmu masu sitiyari a hagu, ana farawa da tayar baya ta dama, sai baya ta hagu, sai gaba ta dama, a ƙare da ta direba.

Na ƙasa shi ke ba da umarni. Kalmomi uku ne: taka, riƙe, saki.

Ya ce "Taka!" sai na ciki ya taka birki sau uku a hankali. Ya ce "Riƙe!" sai ya danne, ƙafa ta zauna. Na ƙasa ya kwance noti kaɗan, rubu'in juyi ya isa. Mai da kumfa za su fito, birki ya tafi ƙasa. Na ciki, kada ka ɗaga ƙafa. Na ƙasa ya ɗaure noti. Bayan ya ɗaure, sannan ya ce "Saki!"

A sake karantawa. A ɗaure noti, sannan a ɗaga ƙafa. Idan ƙafa ta tashi noti yana buɗe, iskar da ka kora za ta koma ciki ta inda ta fito. Kun yi aikin baban giwa ke nan.

Na san abin da ke jawo kuskuren. Da birki ya nutse, sai mutum ya ji kamar an gama, ƙafa ta tashi da kanta. Ba laifi, kowa ya yi hakan a ranar farko, har ni. Ku gwada da baki kafin ku taɓa mota. Taka. Riƙe. Kwance. Ɗaure. Saki. Wanne ya riga, ɗaure ko saki? Ɗaure. Rubuta shi a littafinka sau biyar.

Amma fa in faɗi gaskiya, a ajin bara sau shida muka maimaita taya ɗaya, saboda wani dattijo yana riƙe da birki yana amsa waya. Haba Alhaji! Ba ka ji an ce saki ba, me ya ɗaga maka ƙafa? Na ƙasa ma yana da nasa laifin, in ya yi magana ciki-ciki. Ɗaga murya, ba sirri kake faɗa ba. Ɗaure, sannan saki. Na gaji da faɗa, amma ga shi na sake.

A yi ta yi har mai ya fito ba kumfa. Bayan kowane zagaye huɗu ko biyar, koma ka duba tulu. In ya sauka ƙasa da MIN har ya ƙafe, sabuwar iska ta shiga, sai a faro daga tayar farko.

Gwaji

Cika mai zuwa MAX, rufe murfi. Taka birki, ya kamata ya yi tauri tun kafin rabi. Gwada a fili a hankali kafin ka hau titi.

In bai gyaru ba

Danne birki ka riƙe. In yana sulalewa ƙasa sannu a hankali alhali babu yoyo, robobin masta ne suka mutu, wato famfon da ke ƙarƙashin tulu mai tura mai zuwa tayoyi. Kai wa bakanike. Wasu motoci masu ABS ma, wato tsarin da ke hana taya kullewa in an taka birki da ƙarfi, sai da na'ura ake fitar musu da iska.

Canjin man birki

Kamar duk shekara 2.

Aikin gida

Karanto abin da aka rubuta a murfin tulun motar maƙwabcinka, da izininsa, ka kawo ranar Asabar.