Sababbin ɗaliban Turai, ku leƙa tsofaffin majami'un nan

Duk wanda ya zo karatu Jamus ko Faransa shawarata ita ce ya ware rana ɗaya ya shiga babbar cocin garinsu ko da kuwa musulmi ne, gini za ka je gani kuma ba wanda zai tambaye ka addininka a ƙofa. Ni da ta birnin Kolon a Jamus na fara, kana fitowa daga tashar jirgin ƙasa ga ta nan a gabanka baƙiƙƙirin, hasumiya biyu tsayin mita 157, sai ka ɗaga kai sosai kafin ka hango ƙarshenta. Tun 1248 aka aza harsashi, aikin ya tsaya ɗaruruwan shekaru, sai 1880 aka gama.

Kafin ka shiga ɗan'uwa ka cire hularka, a wajensu namiji ba ya shiga coci da hula a ka, takalmi kuwa ba a cirewa. Mata ku shiga da mayafinku ba matsala, a Italiya ma sai an rufe kafaɗa da gwiwa ake barin mutum ya shiga. In ka tarar ana addu'a ka tsaya daga baya ka kashe ƙarar waya ka ajiye ɗaukar hoto, in sun yi layin karɓar gurasa kar ka bi, na mabiya ne kaɗai.

Gane salon ginin ba wuya, ka dubi saman ƙofa da taga kawai. In bakan zagayayye ne, bango mai kauri, tagogi ƙanana ciki da ɗan duhu, to Romanesk ne, shi ne ya fi tsufa, irin na garin Speyer. In bakan ya yi tsini a sama to Gotik ke nan, shi ne na Kolon da Notre-Dame ta Faris wadda ta yi gobara a 2019 aka sake buɗe ta a Disamban 2024. Dabarar magina ita ce sun kwashe nauyin rufi daga bango sun ɗora wa ginshiƙai da tokaran dutse da ke waje, shi ya sa bangon ya samu sararin waɗannan manyan tagogin gilashi masu launi, ka je da hantsi ranar da akwai rana ka ga yadda ja da shuɗi ke zubowa kan daɓe. Ka zaga bayan ginin ma ka ga tokaran da idonka. Wanda ya taɓa shiga tsohon masallacin Juma'a na Zariya ya ga bakan gizon da shahararren magini Babban Gwani ya ɗaure, wallahi in ya kalli rufin nan zai gane matsala ɗaya ce magina ke fama da ita, mu da ƙasa da azara su da dutse.

Ka riƙe katin ɗalibi don hawa hasumiya da kuɗi ne kuma yawanci ana yi wa ɗalibai ragi, ta Kolon matakala 533 ce ba lifta. Lokacin sanyi ka sa jaket mai kauri, cikin ba ɗumi sam.

In hutu ya kama kana da ɗan kuɗi ka je birnin Kurɗuba a Sifen ka ga babbar cocinsa. Masallaci ne da sarkin Andalus Abdurrahman na ɗaya ya fara wajen 785, aka mai da shi coci a 1236, daga baya aka gina katidiral, wato babbar coci, a tsakiyarsa, amma ginshiƙan da bakuna ja da fari da mihirabin duk suna nan. Ni na daɗe tsaye gaban mihirabin nan jikina a sanyaye. Sai dai ka yi sallarka kafin ka shiga, masu gadi ba sa barin a yi a ciki.